Matar da Auta Ya Manta a Gidan Mai

Ku shigo ku zauna. Kai Babba, ajiye wayar nan, garejin ba zai gudu ba. Ke Nas, sauke takalmin asibiti daga kan shimfiɗata. Kai kuma Lauya, adana gardamarka sai na kai aya. Ban tara ku don gaisuwa ba. Labarin ƙaninku zan ba ku tun daga tushe, wanda na gani da idona da wanda na tatsa daga bakinsa da ƙyar, kuma kada wanda ya katse ni.

Auta dai yana shekarar ƙarshe a makarantar koyon wasan kwaikwayo, kuma wannan ne karo na biyu da yake shekarar ƙarshen. Sharaɗin da aka yi da shi a ɗakin nan bai manta ba: in ya ci jarrabawar bana, ya bi sana'ar da ya zaɓa; in bai ci ba, ya sa rigar aiki ya tafi garejin Babba. A duniya kuwa babu abin da Auta ke tsoro kamar baƙin mai a ƙarƙashin farcensa.

Jarrabawar wasa ce guda ɗaya, a babban ɗakin taron makaranta, gaban malamai da iyaye. Ranar da aka raba wa kowa matsayinsa, Auta ya dawo gida yana taku kamar wanda aka ba kujerar minista. Ya tsaya a tsakar gida inda duk masu haya za su ji, ya ce an ba shi ginshiƙin wasan.

Ginshiƙin nan, da aka bincika, direba ne. Matar wani attajiri ce ta yi fushi, ta haɗa akwati za ta bar gidan mijinta. Sai direba ya shigo ya ce, "Ranki ya daɗe, an kawo mota," ya ɗauki akwati ya fita. Iyakarsa ke nan.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Inna, in ban shigo ba da me za ta tafi? Duk wasan a wuyana yake rataye."

Suna da wani malami da suke kira Darakta. Shi ne ya taɓa gaya musu a aji cewa duk wanda ya hau dandali, ko tari kawai zai yi, dole ya san daga ina ya fito, me ya baro a gida, me ke cin ransa. Sauran ɗalibai suka ji suka wuce. Auta ya ji ya kwana a wurin.

Ya kulle kansa a banɗaki gaban madubi, mutane na layi da bokiti a waje, yana yi wa direba tambayoyi. Me zai sa namiji ya ga mace za ta bar mijinta, ya ɗaukar mata akwati ko uffan bai ce ba? Lallai shi ma tasa ta tafi. To me ya kore ta? Ya gwada talauci, ya ga ya yi yawa a gari. Ya gwada duka, ya ga 'yan kallo za su tsane shi, shi kuwa so yake a so shi. Can sai ta faɗo masa: direban nan manta matarsa ya yi a gidan mai. Ya fito daga banɗaki yana murmushi, bai ko yi wankan ba.

Matar direban kuma sai an ba ta fuska. Bai yi nisa ba wajen nema, ya ari ta yarinyar da za ta fito a matar attajirin, wadda 'yan aji ke kira Doguwa: doguwa ce, mai wushirya, mai tabarau. Ya ba direban yara biyu, da ciwon baya, da hular da ya ciro daga kayan marigayi babanku. Ya yanke wa kansa hukuncin cewa daga ranar har ranar wasa ba zai fita daga cikin direban nan ba, ko da wuta ta kama gidan.

Inda ya fara gwada shi shagon Mai Aski ne, nan bakin ƙofarmu. Kun san Mai Aski, magana in ta shiga kunnensa da safe, kafin rana ta take ta haihu. Auta ya zauna a kujera ya saki ajiyar zuciya mai tsawo.

"Lafiya, Auta? Inji ne ya cije ka?"

"Ina ma inji ne."

"To mene ne?"

Auta ya dubi madubi, ya ga baƙin ciki ya yi wa fuskarsa kyau, sai ya ƙara. "Ka taɓa manta mutum a gidan mai?"

"Mutum kamar yaya? Fasinja?"

"Mata."

"Matar wa?"

"Tawa."

Mai Aski ya kashe inji. "Yaushe ka yi aure ban sha ko lemo ba?"

"Shekarun da ba na nan. Lokacin ina tuƙi."

Kun san shekarun da ya yi a wurin kawunku yana tsalle daga wannan makaranta zuwa waccan. Mutanen gidan nan ba su san me ya yi a can ba. Gaskiyar magana, ni ma ban sani ba sosai.

"Mun tsaya shan mai," in ji Auta, muryarsa can ƙasa. "Ta ce za ta zaga. Na kunna rediyo, na ja mota. Ina ta yi mata hira a hanya. Har na ce a raina, yau matar nan ta yi hankali, ko sau ɗaya ba ta katse ni ba. Sai da na isa gida na zagaya na buɗe mata ƙofa."

"Ba kowa?"

"Sai jakarta da takalmi ɗaya."

"Takalmi ɗaya kuma? Da ƙafa ɗaya ta fita?"

Auta ya ga ya zarme, amma bai girgiza ba. "Wannan tambayar ce ke hana ni barci."

Mai Aski ya tambayi kamanninta, Auta ya zana masa Doguwa tsaf, har da wushiryar. Aka gama askin a karkace, domin hankalin Mai Aski ya riga ya fita titi. Auta ya shigo gida kansa kamar an yi masa aski a kan gangara, ya ce, "Inna, yau na sa ƙato ya share ƙwalla. Wannan ita ake kira baiwa."

Kafin a kwana biyu, a bakin mutane yaran sun zama uku, ƙaramin yana da asma. Gidan man ya tashi daga bakin gari ya koma tsakiyar daji. An ce ana ruwan sama, an ce tana da tsohon ciki. Duk ƙarin da ya dawo wa Auta sai ya auna, wanda ya yi masa ya karɓa. Asmar ya karɓa, ya ce ta ƙara wa direban zurfi.

Gwaggon Bene ce ta fara tare shi a matakala. Ita ce tsohuwar nan ta sama da ba ta taɓa ganin abin da bai shafe ta ba.

"Sannu, mai mantuwa. Yau ka tuna da wandonka?"

"Ina kwana, Gwaggo."

"Ban kwana ba. Ina tunanin 'yar mutane a tsaye gaban famfon fetur da takalmi ɗaya."

Auta ya sunkuyar da kai, ya bar leɓensa na ƙasa ya yi rawa kamar yadda ya koya a madubi. Gwaggo ta dube shi, ta dube shi, sai jikinta ya yi sanyi. Ta hau sama ta sauko da leda cike da tsofaffin kayan jikokinta.

"Wannan na babban ne. Shekararsa nawa?"

"Bakwai."

"Ba biyar ka ce wa Mai Aski ba?"

"Yara da saurin girma, Gwaggo."

Kada ku ce na zauna ina kallo. Na fita har shagon aski na ce musu yaron nan ko budurwa ba shi da ita, ko keke bai iya ba, duk shirin wasa ne. Gwaggo ta dafa kafaɗata ta ce, "Uwa ke nan. Ni ma da nawa ne haka zan ce." Mai Aski ya ce, "Ai ƙila ita ma ba ta sani ba. Mutumin da ya manta matarsa a gidan mai, zai tuna ya gaya wa uwarsa ya yi aure?"

Na dawo na ce wa Auta ya fita ya warware abin da ya ƙulla.

"Inna, in na fita daga cikin direban yanzu, ba lallai in sami ƙofar komawa ba. Bayan wasa zan yi musu bayani, da kansu za su tafa mini."

"To tashi ka wanke kwanuka."

"Direba ba ya wanke kwanuka."

"Direba ba ya cin abinci a ɗakin nan."

Ya wanke.

Maganar ta kai kunnen Saje, tsohon ɗan sandan nan da ke shugabantar masu haya, mai tsohuwar motar da yake wankewa kullum safe ko ba ta je ko'ina ba. Ya aika aka kira Auta, ya nuna masa benci.

"Zauna. Na tsufa ina raba faɗan miji da mata a caji ofis. Na ga wanda ya manta cefane, na ga wanda ya manta sunan surukarsa. Wanda ya manta matar ɗungurungum, kai ne na farko. Ina take yanzu?"

"Gidan iyayenta, ranka ya daɗe."

"Ka je ba da haƙuri?"

"Kunya, ranka ya daɗe."

"Kunya ba ta renon yara. Tashi, yau za a je. Ni idona ya yi rauni, kai direba ne, ga makulli. Gwaggo za ta raka mu, mace ta fi sanin kan mace."

A nan Auta ya ga ƙofar fita a buɗe. Ya gan ta sarai, shi ya gaya mini. Amma da ya ɗaga kai sai ya ga tagogin gidan duk kawuna, mata sun bar girki, masu wanki sun tsame hannu. Tun da ya shiga makaranta bai taɓa samun 'yan kallo haka ba. Sai ya yi lissafi: shi dai bai iya mota ba, amma direban ya iya. Ya daɗe a cikinsa yanzu, hannu zai tuna da kansa.

Ya karɓi makulli ya cilla sama kamar yadda direbobi ke yi. Makullin ya faɗa kwata. Mai Aski ya zaƙulo shi da tsinken tsintsiya.

Auta ya shiga ya zauna. Ya gyara madubi, ya sake gyarawa. Ya shafa sitiyari, ya ƙwanƙwasa gilashin mai da yatsa, ya karkata hula, ya fitar da gwiwar hannu ta taga. Duk wannan ya daɗe yana nazarinsa a motocin haya.

"Ka ga ƙwararre," in ji Mai Aski. "Hannu ba ya ɓuya."

Sai Auta ya duba ƙasa ya ga abin takawa har uku. Ya yi nazarin fuskar direbobi, da kafaɗarsu, da yadda suke tsaki. Bai taɓa duba ƙafarsu ba.

Saje ya zauna a gaba. Auta ya murɗa makulli, ya tura giya inda ta yarda ta shiga, ya zaɓi abin takawa na tsakiya, ya canza shawara, ya taka na gefe. Daidai lokacin Gwaggo ta buɗe ƙofar baya ta sa ƙafa ɗaya. Motar ta yi tari, ta zabura da baya, ta bar Gwaggo zaune a ƙasa, ta je ta rungumi ƙarfen da tankin ruwan gidan ke kai. Tankin ya yi tunani kaɗan, sannan ya sauko. Ruwan ya bi tsakar gida ya kwashe wankin mutane, ya shiga shagon aski ya fito da gashi.

Gwaggo ta dubi ƙafarta. Takalminta ɗaya yana cikin mota.

Mai Aski ya buga cinya. "Ga amsar! Ashe haka aka yi! Wallahi haka ya yi wa matar!"

"Na shaida," in ji Gwaggo daga ƙasa. "Da ina ɗan shakka. Yanzu na shaida da ƙashin bayana."

Saje ya fito ya zagaya bayan motarsa, ya daɗe yana kallon lotsawar. Kowa na jira ya fashe. Sai ya dawo ya dafa kan Auta.

"Yaro, hankalinka ba ya jikinka. Mutumin da aka ce ya yi gaba ya yi baya, zuciyarsa na can inda ya baro. Faɗa mini inda zan same ta, da ƙafa zan je."

Auta yana tsaye a jiƙe, hula na ɗiga. Ba shi da unguwar da zai faɗa, ba shi da gida. Sai ya ce, "Ranar Asabar da yamma, a babban ɗakin taron makarantarmu, za ku ga komai da idonku."

"Za ta zo?"

"Duk wanda ya kamata ya zo zai zo."

Jimlar ta yi masa daɗi har ya maimaita ta a hanyar ɗaki. Da na ce masa ruwan sha fa, ya ce babu wani babban ɗan wasa da bai taɓa yin ɓarna ba.

Ranar Asabar rabin gidan nan ya tafi makaranta. Saje ya sa tsohuwar hularsa ta aiki, Gwaggo na ɗingishi da wata sabuwar ledar kayan yara, Mai Aski ya rufe shago a ranar da ya fi ciniki. Suka kama layi na biyu. Ni na zauna can baya kusa da ƙofa, don na san abin da na haifa.

Aka ɗaga labule. Wasa ya yi ta tafiya lafiya har aka zo inda matar attajiri ke kuka tana ninke kaya cikin akwati. Mai Aski ya zunguri Saje.

"Doguwa. Wushirya. Tabarau. Ita ce!"

"Ashe ajinsu ɗaya," in ji Gwaggo. "Dubi yadda ta rame, baiwar Allah."

"Wannan kukan ba na wasa ba ne," in ji Saje. "Na san kukan gaske in na gan shi."

Sai ga Auta. Abin da ake bukata gare shi bai kai a sha kofin ruwa ba. Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu saboda ciwon baya. Ya dubi akwati. Akwatin ya tuna masa jakar da aka bari a kujerar baya. Ya cire hula. Ya mayar. Ya buɗe baki, ya ga direban bai shirya ba tukuna, ya rufe.

Doguwa ta jira. Ta ƙara ninke rigar da ta riga ta ninke. Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, yarinya mai hankali, sai ta miƙa masa maganar a baki: "Direba, an kawo motar?"

"E" kawai zai ce ya ci jarrabawa. Amma a ganin Auta, mutumin da ya ga abin da direban nan ya gani ba ya amsa tambaya da gaggawa. Ya taka a hankali ya zauna a kan akwatin, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa.

Daga gefen labule ana jin Darakta yana huci: "Faɗi ka fita! Faɗi ka fita!"

"Roƙe ta mana, sakarai!" in ji Gwaggo da ƙarfi.

Ɗaki ya kwashe da dariya, sun zaci cikin wasan ne. Auta ya ji ɗaki ya motsa, ya ce a ransa, na kama su. Ya zame daga kan akwati ya durƙusa.

Saje ya miƙe, ya gyara hula, ya hau matakalar dandali da takun aiki. Ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da motoci.

"A dakata da wasa. Akwai maganar da ta fi wasa." Ya ɗauke akwatin ya riƙe. "'Yata, na san an ɓata miki. Ni kaina jiya-jiyan nan na ga irin tuƙinsa. Amma ki dubi yaran nan uku."

"Waɗanne yara, Baba?"

"Har da mai asmar."

Yaron da ya fito a attajiri, da gemunsa na manne, ya yi ƙoƙarin ceton wasan. Ya shigo yana buga sanda. "Wane ne wannan a cikin gidana?"

"Kai yi mana shiru, mai gemun aro. Mijin gaskiya na nan a durƙushe."

Wani babban mutum mai kwat ya miƙe daga layin gaba. "Wane miji?"

"Kai kuma wa?" in ji Saje.

"Ubanta!"

"Madalla. Dama kai muke nema."

Gwaggo ta taso da ledarta. "Ka yi haƙuri, bawan Allah. Yaro ne, mantuwa ce, ba mugunta ba. Ni ma ya yi mini, ga ni ban mutu ba."

"'Yata ba ta taɓa aure ba!"

"Ita ma ba ta gaya wa nata ba," in ji Mai Aski ga na kusa da shi. "Sun dace."

Uban ya juya ga 'yarsa. "Ke, me nake ji?"

"Baba, wallahi ko sunansa na gaskiya ban sani ba! Mai Akwati muke ce masa!"

Yanzu dariya ta ɗauke. Malamai masu ba da maki sun ajiye biro. Mutumin ya tako har bakin dandali ya nuna Auta da yatsa.

"Kai. Tsakaninka da Allah. Akwai wani abu tsakaninka da 'yata?"

Kalma ɗaya za ta kashe wutar. Auta ya ɗaga kai. Fitila na kansa shi kaɗai. Ɗaki cike, ba mai tari, ba mai motsi, kowa bakinsa yake kallo. Abin da ya yi shekaru yana mafarki ke nan, kuma ya san in ya ce "babu" ya ƙare. Hawaye na gaske suka zubo masa, shi kansa ya yi mamaki.

"Na yi mata laifi, Baba," ya ce. "Ban duba kujerar baya ba."

Doguwa ta fizge akwatin daga hannun Saje ta sauke shi a tsakiyar kan Auta. Akwatin ya buɗe, tsofaffin jaridun da aka cusa a ƙasa suka watse. Uban ya fara cire kwat. Darakta ya saki labule da kansa, labulen ya sauko a kan Saje, Saje ya kama shi da kokawa yana cewa an kai wa hukuma hari.

Ban san lokacin da na isa dandalin ba. Na kama kunnen Auta na murɗa, na juya shi ya fuskanci jama'a.

"Wayyo Inna, kunnena!"

Da muryarsa ta gida ya faɗa, ba ciwon baya, ba zurfi. Direban da aka ce ba shi da ƙofar fita, ta kunne ya fita.

"Kana da mata?"

"Babu."

"Yara?"

"Babu."

"Ka iya mota?"

"Inna, a gaban mutane?"

Na ƙara murɗawa.

"Ban iya ba!"

Na sa shi ya ba yarinyar haƙuri, ya ba ubanta, ya ba mai gemun aro. Uban ya mayar da kwat ɗinsa ya ce in ya sake ganin Auta a titin da 'yarsa ke bi, to a ranar zai san yadda ake manta mutum. Saje ya fito daga cikin labule ya saurari komai, sannan ya ce, "To motata fa, ita ma cikin wasan take?"

Darakta ya kira shi ofis. Na bi shi, don kada direban ya dawo.

"Jimla ɗaya na ba ka," in ji Darakta. "Ina take?"

"Malam, shiruna ya isar da ita."

"To shirun ya ci jarrabawa. Kai ba ka ci ba."

"Amma Malam, ka ga yadda ɗaki ya yi tsit? Kai ka ce mu san abin da muka baro a gida."

"Na ce ku sani. Ban ce ku kwaso gidan ku kawo mini ba."

Sauran 'yan ajin za a sake musu wasan. Ba a ba kowa matsayin direba ba. Akwati mai taya suka samo, yarinyar za ta ja abinta.

To ga inda muke. Tankin an ɗaga shi, motar Saje kuma Babba zai duba ta. Gwaggo har yau cewa take yarinyar fushi ne ya sa ta musanta, kuma ta ƙi karɓar ledar kayan. Wannan duk zan iya da shi.

Abin da ya sa na kira ku daban ne. Bisa sharaɗi, Auta gareji zai tafi. Na zaci zai yi kuka, ya yi birgima. Ko kaɗan. Ya ce ya yarda, da murmushi ma. Wannan murmushin ne ya hana ni sukuni. Jiya na same shi gaban madubi ya shafa baƙin tukunya a kumatu, yana riƙe da cokali kamar sifana. Ya ce makanikin da zai zama mutum ne mai ciwo a rai, yana da ɗan'uwa da birki ya ci amanarsa, shi ya sa ba ya yarda kowa ya taɓa birki sai shi. Ya ce kada Babba ya wahalar da kansa koya masa komai, hannu zai tuna.

Babba, in ka ɗauke shi, birkin mutane zai taɓa. In kuka haɗu kuka mayar da shi makaranta, ban san 'yar wa zai aura baɗi ba. A ɗakin nan kuma ba zan riƙe ƙato yana cinye mini madubi ba. Ni na haife shi, na yi nawa; ku kuka ɗaure masa gindi tun yana yaro kuna tafa masa in ya kwaikwayi tafiyar baƙi.

Yana nan bayan ƙofa, ina ganin inuwar ƙafarsa, kuma na san fuskar da zai shigo da ita yake gwadawa. Ku yanke abin da za a yi da shi yanzu, kafin ya gama zaɓa.